Ƙunshin da Ba Kai Ka Ƙulla Ba: Buɗe Fayilolin RAR a kan Linux Cikin Kiyayewa

(Wannan shi ne jawabin da wani ɗalibi na aji uku a sashen ilmin kwamfuta ya gabatar a zauren taro, a cikin makon ƙungiyar ɗalibai. Mun buga shi kamar yadda ya karanta shi.)



Kafin in shiga cikin abin da ya kawo ni, wajibi ne in gode wa kwamitin shirya wannan mako saboda damar da ya ba ni, ko da yake na san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni nesa ba kusa ba. Inda na yi daidai su gaskata ni, inda kuwa na yi tuntuɓe su gyara mini.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda mutum zai buɗe matsattsen fayil irin na RAR a kan kwamfutar da ke aiki da Linux, ba tare da ya jawo wa kansa ko ofishinsu asara ba. Na san wani zai ce a ransa, ashe don wannan ɗan abu aka tara mu? Saboda haka bari in fara da abin da ya faru da ni.

Bara, bayan na dawo daga horon sanin makamar aiki na wata shida, na zauna na yi mako uku ina rubuta rahotona. Da na kusa gamawa sai na roƙi wani abokina ya aiko mini da nasa domin in ga yadda ya tsara shafukan farko. Ya aiko mini da shi a ƙunshe cikin fayil guda na RAR. Ni kuwa, don gaggawa, sai na jefa shi cikin foldar da nawa rahoton yake, na ba da umarnin a kwance shi. Manhajar ta tsaya ta yi mini tambaya, ban karanta ba, na danna harafin A, wanda ke nufin a maye gurbin duk abin da suna ya zo ɗaya. Ashe ni da shi duk mun bi sunayen da aka ba mu a aji: babi na ɗaya, babi na biyu, har zuwa na biyar. Kafin ƙiftawar ido babi biyar na abokina sun hau kan nawa. Ba ɓarawo a cikin wannan labari, ba kuma ƙwayar cutar kwamfuta, hannuna ne kawai da rashin natsuwata. Sai da na koma ga littafin da nake rubuce-rubuce da hannu na sake aikin daga tushe. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar na shiga binciken wannan al'amari, kuma abin da na tarar ya fi abin da ya same ni muni ƙwarai.

Mene ne matsattsen ƙunshi?

Matsattsen ƙunshi fayil ne guda wanda aka tara fayiloli da yawa a cikinsa, sa'an nan aka rage musu girma domin su yi sauƙin ajiya da aikawa. Yayyenmu da ke aikin rajista sun san yadda akawu kan yi idan suna ɗaya ya yi ta maimaituwa a shafi: maimakon ya sake rubuta shi, sai ya sa 'yar alamar nan da ke nufin daidai da na sama. To, wannan ita ce dabarar da wasu masana biyu na Isra'ila, Abraham Lempel da Jacob Ziv, suka bayyana a 1977. Idan kwamfuta ta tarar da jerin haruffan da ta riga ta gani, sai ta rubuta ɗan gajeren umarni, watau a koma baya haruffa kaza a kwafo kaza. Tun kafin su, a 1952, David Huffman na Amurka ya fito da wata dabara ta ba abin da ya fi yawan fitowa alama mafi gajarta. A rubutun Hausa, alal misali, harafin a shi ne zai sami gajerar alama, domin ya fi kowane harafi yawa. Yawancin salon matsa fayil da muke amfani da su a kan waɗannan dabaru biyu aka gina su.

Amma ƙunshi bai tsaya ga matsattsun bayanai kaɗai ba. Yana ɗauke da jerin sunaye, kuma kowane suna yana gaya wa manhajar da ke kwancewa inda za ta ajiye fayil ɗin, da irin ikon da za ta ba shi. Ina roƙon ku riƙe wannan magana, domin a nan haɗarin yake. Duk wanda ya kwance ƙunshi, ya ba baƙo dama ya faɗi inda za a sauke kaya a cikin gidansa.

Na wane ne mabuɗin?

Salon ƙunshi iri-iri ne. Akwai ZIP, wanda Phil Katz ya fitar a Amurka a 1989, ya kuma bayyana wa duniya yadda aka tsara shi, shi ya sa kowace irin kwamfuta take iya ƙulla shi da kwance shi. Akwai 7z na manhajar 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fara fitarwa a 1999. Akwai tar da gzip waɗanda mutanen Unix da Linux suka saba da su. Duk waɗannan a buɗe suke ga kowa.

RAR kuwa dabam yake. Wani injiniya ɗan Rasha mai suna Eugene Roshal ne ya ƙirƙiro shi a 1993, kuma daga sunansa aka samo sunan. Manhajar WinRAR ta biyo baya a 1995, wadda ake ba mutum kwana 40 na gwaji kafin a nemi ya biya, ko da yake kowa a nan ya san yadda muke yi da wannan sharaɗi. A 2013 aka fito da sabon salo mai suna RAR5, wanda tsofaffin manhajoji ba su iya karantawa. Dabarar ƙulla RAR mallakar masu ita ce. Abin da suka sakar wa jama'a shi ne asalin rubutun manhajar kwancewa, watau unrar, kuma bisa sharaɗin cewa ba za a yi amfani da shi a gina manhajar da ke ƙulla RAR ba.

Wannan sharaɗi shi ne ya raba RAR da mutanen Linux. Kamar yadda aka sani, Richard Stallman ya kafa shirin GNU a 1983 bisa aƙidar cewa mai amfani da manhaja yana da 'yancin karanta ta, da gyara ta, da raba ta. Linus Torvalds, yana ɗalibi kamarmu ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991. Manhajar da aka ɗaure da sharaɗi irin na unrar ba ta cika wannan ƙa'ida ba. Saboda haka Debian ta ware ta a ɓangaren manhajoji marasa cikakken 'yanci, Ubuntu ta sa ta a sashen da ake kira multiverse, Fedora kuwa ba ta ɗauke da ita a rumbunta sam. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗalibi zai girka Linux sabo fil, ya danna fayil na RAR, ya ga abin ya ƙi buɗuwa.

A daidai wannan gaɓa ne da yawanmu suke yin kuskure na farko. Mutum zai ruga intanet, ya tarar da wani shafi da bai san mai shi ba, a ce masa ya kwafi wani dogon umarni ya liƙa, kuma ya ba shi cikakken iko a kan kwamfutarsa. Wani ma fasasshiyar WinRAR zai sauko da ita ya tayar da ita ta hanyar Wine. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Ba a kai ga ƙunshin ba ma, an riga an miƙa wa baƙo mabuɗin gida, alhali kuwa akwai mabuɗai na halal a cikin rumbun manhajoji na kowane Linux. Akwai unar da abokiyarta lsar, masu cikakken 'yanci. Akwai bsdtar, wadda ke aiki da libarchive, kuma tun 2019 take karanta RAR5. Ita wannan libarchive ɗin ce ma kamfanin Microsoft ya ɗauka a 2023 domin Windows 11 ta riƙa buɗe RAR da kanta. Akwai 7-Zip. Sa'an nan ga ita unrar ɗin kanta, wadda ta fi kowacce iya wa ƙunshi mai kalmar sirri ko wanda aka rarraba gunduwa-gunduwa.

Inda bango ya tsage

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare tsakaninmu ɗalibai, wai Linux ba ya kamuwa da cuta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Gaskiya ne yawancin miyagun manhajoji don Windows ake rubuta su, amma manhajar da ke kwance ƙunshi ɗan Adam ne ya rubuta ta, kuma tana iya zuwa da ɓaraka a kan kowane tsari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zan kawo muku iri huɗu na wannan tsagewa, kowanne da abin da ya taɓa faruwa.

Na farko shi ne tsallake shinge. A harshen kwamfuta, ɗigo biyu a jere na nufin a fita daga foldar da ake ciki a koma wadda ke bayanta. Idan mugu ya cika sunan fayil da irin waɗannan ɗigogi, kuma manhajar kwancewa ba ta lura ba, to fayil ɗin zai tsallake inda ka ce a ajiye shi, ya je ya sauka inda mugun yake so, alal misali a wurin da kwamfuta ke duba abin da za ta tayar da zarar an kunna ta. Akwai kuma wani irin fayil a Linux wanda aikinsa nuni ne kawai zuwa wani wuri, kamar allon nuna hanya a mararraba, shi ma ana amfani da shi a karkatar da kaya. A 2022 wani mai bincike na kamfanin Sonar ya gano irin wannan ɓaraka a cikin unrar ta Linux da Unix. Manhajar takan duba ko akwai dabarar tsallakewa, amma sai bayan ta gama dubawa take juya alamar raba folda irin ta Windows zuwa irin ta Linux, ta haka mugun suna yake wucewa ba a gane shi ba. An toshe ɓarakar a fitowa ta 6.12. Amma kafin kowa ya sabunta, maɓarnata sun yi amfani da ita sun shiga manyan kwamfutocin wasiƙu masu aiki da Zimbra, domin waɗannan kwamfutoci da kansu suke kwance duk ƙunshin da aka maƙala wa wasiƙa don su bincika shi. Ba wanda ya danna komi, wasiƙar kawai aka aika. A watan Agusta na shekarar hukumar tsaron intanet ta Amurka ta sa wannan ɓaraka a jerin waɗanda aka tabbatar ana kai hari da su. Wannan fa a kan Linux ya faru.

Na biyu shi ne shigar burtu, watau fayil ya zo da sunan da ba nasa ba. A 2019 masu bincike na Check Point suka bayyana wata ɓaraka da ta yi kusan shekara 19 a cikin WinRAR. Tana cikin wani ɗan ɓangare ne da ke karanta tsohon salon ƙunshi mai suna ACE, kuma mugu na iya ƙulla ACE ya sa masa sunan RAR. Abin lura a nan shi ne masu WinRAR ba su iya gyara wannan ɓangare ba, domin wani ne ya rubuta shi, an daɗe ba a taɓa shi ba, kuma ba su da asalin rubutunsa. Dole suka cire shi ɗungurum a fitowa ta 5.70. Rufaffen abu ya ci masu rufaffen abu. A 2023 kuma kamfanin Group-IB ya tona wata dabara inda mutum zai danna abin da yake gani hoto ne ko takarda a cikin ƙunshi, ashe wani umarni ne zai tashi. Da ita aka riƙa farautar masu hada-hadar kuɗi har aka toshe ta a fitowa ta 6.23. A watan Yuli na 2025 masu bincike na ESET suka kama wata sabuwa, wadda ake aikawa da sunan takardun neman aiki, aka toshe ta a 7.13. Waɗannan uku Windows suka shafa. Na kawo su ne domin mai Linux ba shi kaɗai yake zaune ba: ƙunshin da bai yi maka komi ba, kai ne za ka tura wa abokin aikinka a tebur na gaba.

Na uku shi ne ƙunshi mai kumbura. Akwai wani sanannen fayil mai suna 42.zip wanda girmansa kilobait 42 ne kacal, amma idan aka kwance shi har ƙarshe, ƙunshi cikin ƙunshi, yakan kai wajen gigabait miliyan huɗu da rabi. Ba ya satar komi. Cika ma'ajiyar kwamfuta kawai yake yi har ta sandare, kuma ana iya yin irinsa da kowane salon matsawa.

Na huɗu shi ne abin da ke cikin ƙunshin kansa. Ko da an kwance shi lafiya, a ciki ana iya samun rubutun umarni da ke tashi a kan Linux, ko takardar ofis mai ɗauke da ɓoyayyen umarni, ko fayil na Windows wanda zai tashi idan akwai Wine a kwamfutar. Maɓarnata kuma suna son sa wa ƙunshi kalmar sirri, su rubuta ta a jikin wasiƙar, domin manhajar da ke binciken wasiƙu ba ta iya leƙa cikin abin da aka kulle. Idan baƙo ya aiko maka da kulle tare da mabuɗinsa a ambulan ɗaya, ka tambayi kanka wa ake ɓoye wa.

Domin adalci, kada a ɗauka buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da nata. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa ta nesa yana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar baya a cikin xz, wata buɗaɗɗiyar manhajar matsa fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya yi fiye da shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. Bambancin shi ne, da yake abin a buɗe yake, mutum guda mai lura ya iya tono shi, kuma cikin kwanaki aka janye shi tun bai kai ga tabbatattun fitowar Debian da Ubuntu ba.

Abin da ya kamata a yi

To, jama'a, rigakafi ya fi magani. Ga matakan da na koya, kuma ba wanda zai ci wa mutum fiye da minti biyar.

Mataki na farko, ka samo mabuɗinka daga rumbun manhajoji na Linux ɗinka, ba daga shafin da ba ka sani ba. A kan Debian ko Ubuntu, umarnin sudo apt install unar ya isa. In kuwa unrar kake bukata, ka buɗe sashen da take ciki ka girka ta daga nan. Sa'an nan ka riƙa sabunta kwamfutarka a kai a kai. Idan ka rubuta unrar kawai ba tare da komi ba, layin farko zai nuna maka lambar fitowarta. Ka lura kuma, kamfanin Canonical mai Ubuntu bai ɗauki alkawarin kula da sashen multiverse kamar yadda yake kula da babban sashe ba, saboda haka a tsohuwar Ubuntu kana iya zama da tsohuwar unrar ba ka sani ba. Wannan mataki shi ne gaba da sauran, domin ko leƙa cikin ƙunshi da manhajar ake yi.

Mataki na biyu, ka tambayi asalin ƙunshin. Wa ya aiko shi? Kana jiransa? Idan da sunan wani wanda ka sani ya zo amma ba ku yi maganar ba, ka buga masa waya, domin akwatin wasiƙarsa ma ana iya sacewa. Idan daga shafin hukuma ko na masu manhaja ka sauko da shi kuma sun buga lambar tantancewa, ka gwada ta da umarnin sha256sum; in harafi ɗaya ya saɓa, ba shi ba ne.

Mataki na uku, kada ka yarda da suna. Umarnin file yana duba haruffan farko na cikin fayil ya gaya maka ainihin abin da yake, domin kowane RAR na gaskiya da haruffan Rar! yake farawa. Idan kuma aka aiko maka da ƙunshi mai kwance kansa, wanda sunansa ya ƙare da exe, kada ka tayar da shi. Unrar ko 7-Zip za su buɗe shi kamar kowane ƙunshi.

Mataki na huɗu, ka leƙa kafin ka kwance, kada ka yi cinikin biri a sama. Umarnin lsar, ko unrar l, ko bsdtar -tvf zai jero maka abin da ke ciki ba tare da ya sauke komi ba, unrar lt kuwa zai nuna har da inda fayilolin nuni suka dosa. Ka duba abu huɗu: sunan da ke da ɗigo biyu a jere ko wanda ya fara da alamar tushen ma'ajiya; fayil na nuni a cikin ƙunshin da aka ce takardu ne; jimlar girma da ta wuce hankali; da fayil mai tashi a inda ake zaton hoto ko takarda. Akwai kuma unrar t, amma a sani shi yana tabbatar da cewa ƙunshin bai lalace a hanya ba ne kawai. Ƙunshin mugu ma lafiya lau yake isowa.

Mataki na biyar, ka buɗe sabuwar folda wadda ba komi a cikinta, ka kwance a can. Da na yi wannan kaɗai, da ban yi asarar mako uku ba. Ka yi amfani da unrar x, wanda ke kiyaye tsarin foldoji, maimakon unrar e, wanda ke zube komi wuri ɗaya. Idan manhajar ta tsaya ta yi maka tambaya, ka karanta.

Mataki na shida, kada ka taɓa kwance ƙunshi da ikon sudo. Linux ya raba iko ne domin mai amfani na yau da kullum ya kasa taɓa zuciyar tsarin, kuma duk manhajar da ka tayar, da ikonka take aiki. Idan ka ara mata ikon mai gida, duk ɓarakar da ke cikinta ta sami gidan gaba ɗaya. Sai dai a tuna, ko ba sudo, takardunka na kanka suna cikin abin da ikonka ya kai. Saboda haka ƙunshin da kake shakka, ka kwance shi da wani asusu na dabam wanda ba komi a cikinsa, ko a killataccen wuri irin na Firejail, ko kuma a cikin kwamfuta ta gwaji da ake ginawa cikin kwamfuta da VirtualBox, wadda za ka iya gogewa in an gama.

Mataki na bakwai, bayan kwancewa ka binciki abin da ya fito da ClamAV, musamman in za ka tura wa masu Windows. Kada ka ba takardar ofis izinin tayar da umarnin da ke cikinta sai ka san dalili. Kuma ka ajiye kwafin aikinka a wani wuri dabam, a filashi ko a wata ma'ajiya, domin ranar da duk matakan nan suka kuɓuce maka, shi ne zai cece ka.

Kalma ga yayyenmu ma'aikata

Ɗalibi in ya yi sakaci, rahotonsa ne zai tafi. Ma'aikaci kuwa amanar jama'a ce a tebur ɗinsa: jerin albashi, takardun fansho, sakamakon jarrabawa, bayanan marasa lafiya. Ofisoshin da ke karɓar takardun neman aiki da na 'yan kwangila kullum cikin buɗe ƙunshin baƙi suke, kuma kun ji da irin wace riga harin 2025 ya zo. Tun 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Ba sai an jira kwangilar miliyoyi ba. Tsohuwar kwamfuta guda a lungun ofis, mai Linux, wadda ba a haɗa ta da sauran ba, ta isa ta zama wurin kwance ƙunshin baƙi.

Ina kuma da roƙo. Kwance RAR ya zama mana dole domin ba mu da iko da abin da wasu za su aiko mana. Amma ƙulla shi ba dole ba ne. Ba na musun cewa yana da nasa amfani, kamar ƙarin bayanan da ake iya sawa a gyara ƙunshi in ya ɗan lalace. Duk da haka, takardar hukuma da ake so a karanta bayan shekara hamsin bai kamata a zuba ta a salon da dabarar ƙulla shi ke hannun gida ɗaya ba. Wanda ya je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna zai ɗauki fayil na zamanin En'e ya karanta da idonsa, ba ya bukatar izinin wanda ya ƙera takardar. Ya kamata jikokinmu su sami irin wannan sauƙi a kan abin da muke ajiyewa yau. Labarin ACE ya nuna mana abin da kan sami salon da mai shi ya tafi ya bari. Ga ZIP, ga 7z, ga tar, duk kyauta, duk a buɗe. Idan ofishinku zai nemi a aiko da takardu, ku rubuta a cikin sanarwar salon da kuke karɓa. Mu ma ɗalibai, wakilan aji da ke raba mana takardun darasi su fara daga kansu.

Shugaban taro, na ga lokacin da aka ba ni ya ƙare. Abin da nake so kowa ya fita da shi daga zauren nan shi ne, Linux ya ba mu kayan kiyayewa masu kyau, amma ba laya ba ne da za a rataya a manta. Mu san inda muka samo mabuɗinmu, mu sabunta shi, mu leƙa kafin mu kwance, mu kwance a wurin da babu abin asara, kuma kada mu ara wa baƙo ikon mai gida. Ni da asara na koyi wannan, ina fata ku ku koya da ji, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk wanda yake so a gwada waɗannan umarni tare da shi, zan tsaya da kwamfutata a bayan zauren nan in an tashi.